Tsoron Allurar Barci Kafin a Leƙa Ciki

A Limawa, kamar sauran unguwannin Dutse, kusan duk ciwon da ya tsaya a ƙasan ƙirji sunansa olsa. Mai shi yakan shekara yana sayen omeprazole a kemis, yana ƙaurace wa yaji da tsami, har ranar da likita a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni ko Babban Asibitin Dutse zai ce masa lokaci ya yi da za a zura kyamara ta baki a duba cikinsa. Wannan gwaji shi ake kira endoskopi. Mutane da dama kan amince da batun bututun, amma da zarar an ambaci allurar barci sai su ninke takardar su sa a aljihu, su koma kemis.

Tsoron yana da tushe. A tunanin jama'a allurar barci iri ɗaya ce, wato ta tiyata, wadda ake sumar da mutum gaba ɗaya har na'ura ta riƙa yi masa numfashi, kuma kowa ya taɓa jin labarin wanda aka shiga da shi bai farka ba. Wani yana gudun kada ya yi sambatu ya tona asirinsa. Mace kuwa takan yi tunanin halin da za ta kasance a ciki idan hankalinta ya gushe a tsakiyar mazan da ba muharramanta ba, kuma ba kasafai take iya furta wannan a gaban likita ba.

Allurar da aka fi amfani da ita a endoskopi ta kwantar da hankali ce. Ana ba da maganin, galibi midazolam, kaɗan-kaɗan ta jijiya. Mutum yana numfashi da kansa, yana jin magana, idan an ce ya haɗiya zai haɗiya. Abin da maganin ke yi shi ne sassauta jiki da hana ƙwaƙwalwa adana abin da ya faru a waɗannan mintoci, shi ya sa mutum kan tashi yana tambayar yaushe za a fara, alhali an gama. Idan ya yi yawa akwai makarinsa, flumazenil, kamar yadda naloxone ke karya masu kashe zafi irin su pethidine. Propofol ya fi nauyi, ba shi da makari, sai dai yana saurin sakin mutum, kuma yana bukatar ƙwararren da zai tsaya kan numfashi. Shi ne ya yi ajalin mawaƙin Amurka Michael Jackson a 2009, a ɗakin kwanansa, ba tare da kayan sa ido da asibiti ke tanada ba. Haɗarin gaske na waɗannan magunguna shi ne raguwar numfashi, kuma saboda shi ne ake maƙala wa majinyaci 'yar na'ura a yatsa, tana nuna yawan iskar oksijin a jininsa daga farko har ƙarshe.

Bututun kansa bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Yana bi ta hanyar abinci, hanyar numfashi tana buɗe, kuma dubawar kan ɗauki minti 5 zuwa 15. Likitan da ya jagoranci ƙera mai lanƙwasawa na farko, Basil Hirschowitz, a kansa ya fara gwada shi a 1957.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane majinyaci ya ji tun ranar farko: ana iya yin gwajin ba tare da allura ba. Ana fesa lidocaine a maƙogwaro ya mutu na ɗan lokaci, mutum ya kwanta a gefen hagu idonsa biyu. Zai ji yunƙurin amai da kumburin ciki saboda iskar da ake hurawa, babu daɗi, amma yana gamawa zai tashi ya kama gabansa. Wanda aka yi wa allura kuwa sai da ɗan rakiya, kuma ba zai tuƙa mota ko babur ba har awa 24; wanda aka tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi lissafin wannan kafin ya kama hanyar dawowa Dutse.

Nauyin warware tsoron ya fi rataya a wuyan ma'aikatan lafiya. "Ba komai, ka yi haƙuri" ba bayani ba ne, takardar amincewa da aka rubuta da Turanci aka ce a sa hannu ita ma haka. Minti biyar na bayani da Hausa, da sanar da mace cewa tufafinta na jikinta kuma tana da damar neman nas mace ta tsaya kusa da ita, sun fi ƙarin allura amfani, domin mai natsuwa bai cika bukatar magani mai yawa ba. Shi ma majinyaci yana da nasa: ya bar cin abinci awa 6 zuwa 8, ya faɗi gaskiya game da asma, ciwon zuciya, ciwon suga, juna biyu ko minshari mai tsanani. Mai shan tramadol, kodin ko ƙwayar barci ya faɗa ko da a keɓe, don jikinsa ba zai karɓi allurar yadda na wani zai karɓa ba.

Jinkiri ma yana da nasa haɗarin, wanda ba a cika auna shi ba. Tun 1982 Barry Marshall da Robin Warren suka gano cewa ƙwayar cutar Helicobacter pylori ke haddasa yawancin gyambon ciki, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2005, kuma ana kashe ta da magani na mako biyu. Ita ce kuma babbar sanadin kansar tumbi, wadda a farkonta ba ta da wata alama da ta bambanta da olsa. Omeprazole yana rage zafin duka biyun. Wanda ya fara aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi, ko abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko yake ramewa ba dalili, kyamarar ce kawai za ta nuna wanne ne yake ɗauke da shi.