Daga kansila zuwa firimiya: abin da labarin Doug Ford ke faɗa mana

Idan kana bin rigimar harajin Trump da Kanada a X ko TikTok, da wuya ba ka ci karo da Doug Ford ba, mutumin nan mai hular da ke cewa Kanada ba ta sayarwa ba ce. Shi ne firimiyan lardin Ontariyo, wato kamar gwamna a wajenmu. To ka san daga ina ya faro? Daga kujerar kansila.

A 2010 aka zaɓe shi kansila a birnin Toronto. A 2014 ya nemi magajin gari, John Tory ya kayar da shi. Bai koma gefe ba. A watan Maris na 2018 ya karɓi shugabancin jam'iyyarsa, a watan Yuni ya ci kujerar majalisar lardi, jam'iyyar ta samu rinjaye, ya zama firimiya. Ya sake ci a 2022 da 2025.

Amma kar a ruɗe ka da cewa ƙoƙarinsa ne kaɗai. Mahaifinsa tsohon ɗan majalisar lardin ne, kuma mazaɓar da ya ci a 2010 ita ce wadda ƙaninsa Rob ya bari ya zama magajin gari. Ɗan gado ne. Sai dai gidan nasu ya yi suna wajen ɗaga wayar talaka, kuma kansila ne ke fara jin kukan rami a titi da shara a unguwa.

Ga inda gizo ke saƙar: ko wata biyu bai yi a mulki ba, ya rage kujerun kansilolin Toronto daga 47 da aka tsara zuwa 25, ana tsakiyar kamfen. Aka je kotu. A 2021 Kotun Ƙolin Kanada ta ba shi gaskiya, alƙalai 5 da 4, domin a tsarin mulkinsu birane a ƙarƙashin lardi suke. Tsanin da ya taka ya hau, shi ya rage wa matakala.

Wannan bai yi maka kama da gida ba? Muna da ƙananan hukumomi 774, kuma sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Zaɓensu kuwa hukumomin zaɓe na jihohi ke shiryawa, shi ya sa kake ganin jam'iyyar gwamna na lashe kusan komai.

Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar neman majalisar jiha. Amma a ina zai koyi aikin, idan kansila naɗi ne da sunan zaɓe? Don haka kafin ka sake shiga musun 2027 a Facebook, tambayi kanka: waye kansilan mazaɓarku, kuma wa ya kawo shi, ku ko gidan gwamnati?