Waƙar memori ba ta shiga lissafi

1/ Kullum musu ake: Hamisu Breaker ko Nura M Inuwa, wa ya fi kasuwa? To da wane ma'auni?

2/ A Amurka, RIAA ba ta ba kundin waƙoƙi shaidar zinare sai ya kai kwafi 500,000. Sauraro 1,500 a intanet shi ne kwafi ɗaya.

3/ Mu nan Karare wajen mai turi ake karɓo waƙa, ko aboki ya turo ta Xender. Ba mai ƙirgawa, mawaƙi ko sisi bai gani ba.

4/ A 2021 an datse netwok a Batsari da Safana, amma waƙa ba ta daina tashi ba. Wa ya ƙirga wannan?

5/ In gwaninka ne da gaske, ranar da ka sa data ka saurare shi a YouTube ko Audiomack. Can ake rubutawa.