Ba Gwaninta Ke Buɗe Ƙofar Rukuni na Ɗaya Ba

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila ya san ƙa'idar: kowace kaka ƙungiyoyi uku na ƙasan tebur su faɗa ajin 'yan dagaji, wasu uku su hauro da guminsu. A gasar hokin ƙanƙara ta jami'o'in Amurka babu wannan tsani. Hukumar NCAA ta kasa makarantu rukuni uku, kuma ko ƙungiya ta shekara goma tana lashe kofin rukuninta, wannan ba zai ɗaga ta ba. Masu kare tsarin suna cewa tazarar da ke tsakanin rukunan ta yi faɗi, kada a jefa ƙanana bakin kura. Tarihin gasar ya ƙaryata su.

A duba yadda ake hawa. Jami'ar Penn State ta shiga rukuni na ɗaya a 2012 bayan attajiri Terry Pegula ya ba ta dala miliyan 88. Arizona State ta biyo baya a 2015 da gudummawar dala miliyan 32. Ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu kofi nawa ta ci ba. Abin da aka duba shi ne filin wasa da kuɗin ɗaukar nauyin 'yan wasa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Gaskiya ne akwai tazara. St. Thomas ta jihar Minnesota, wadda takwarorinta na rukuni na uku suka kora daga ƙawancensu a 2019 saboda ta fi ƙarfinsu, ta tsallaka kai tsaye zuwa rukuni na ɗaya a 2021, ta ci wasa uku kacal a kakar farko. To amma tazarar ba ta daɗe ba. A 2025 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na ƙawancen CCHA. Makarantar RIT ta hau a 2005, ta kai matakin kusa da na ƙarshe na ƙasa a 2010. Kwalejin Union, mai ɗalibai kimanin dubu biyu, wadda a lokacin ba ta ba ɗan wasa tallafin karatu don wasa, ta doke Minnesota da ci 7 da 4 ta ɗauki kofin ƙasa a 2014. Minnesota Duluth kuwa, wadda sauran wasanninta ke rukuni na biyu, ta lashe kofin a 2011 da 2018 da 2019.

Abin da ke kashe sabuwar ƙungiya shi ne rashin ƙawance. Makarantun rukuni na ɗaya sun kasu ƙawance shida, kowane da jadawalinsa, kuma zakaran kowanne yana samun gurbi kai tsaye cikin ƙungiyoyi 16 na gasar ƙasa. Wadda ba ta da ƙawance sai ta riƙa roƙon abokan karawa, ta yi yawancin wasanninta a waje, kuɗin tikiti ya tafi aljihun wasu, 'yan wasan kirki kuma su guje ta. Alabama Huntsville ta ci kofin rukuni na biyu a 1996 da 1998, ta hau. A 2019 makarantu bakwai na ƙawancen WCHA suka sanar da ficewa don kafa nasu, suka bar ta da jami'o'in Alaska biyu saboda nisa da tsadar tafiya. A 2021 ta dakatar da wasan baki ɗaya. Maƙwabta ne suka rufe mata ƙofa, ba a filin wasa aka kayar da ita ba.

Ga kuma dokar jira. An hana St. Thomas shiga gasar ƙasa har kaka huɗu, don haka ko da ta ci wasan ƙarshe na 2025, abokiyar karawarta Minnesota State ce za ta tafi. Matasan da suka ɗauki kashin shekarar farko suka gina ƙungiyar, da yawansu sun gama karatu ba su ɗanɗana ladan wahalarsu ba. Idan ƙungiya rauni gare ta, ai ba sai doka ta hana ta kofi ba. Dokar mai ƙarfi kaɗai take kamawa.

Sauka ma ba mafita ba ce, domin tun 1999 NCAA ba ta shirya gasar ƙasa ta maza a rukuni na biyu. Kwalejin American International, wadda ta fitar da St. Cloud State mai matsayi na farko a 2019, can ta koma a 2025 da kuɗi ya gaza.

Gyaran ba boyayye ba ne. Duk makarantar da NCAA ta amince ta hau, a tabbatar mata da ƙawance ko adadin wasanni a gidanta, kuma a soke hana ƙungiyar da ta cancanta shiga gasar ƙasa. Muddin ba a yi haka ba, manyan makarantu su daina fakewa da kare martabar wasa, su faɗi abin da suke karewa: rabonsu na gurbi 16 da kuɗin ƙofa.