Kuɗin Ƙofa Daban, Kuɗin Gado Daban

Da zarar babban hutu ya gabato, ko aka fara lissafin kwanakin Sallah, sai tallan wuraren shaƙatawa ya cika mana wayoyi. Ga tafkin wanka da ruwa garau, ga yara a kan lilo suna ƙyalƙyala dariya, ga ɗaki da gado fari fat, a ƙasa kuma an rubuta wai farashi na musamman domin iyali. A da sai wanda ya je ci-rani Abijan ko Legas yake dawo mana da labarin irin waɗannan wurare. Yanzu yaron da ke lakwal a Buza ko Keita ya riga ubansa ganin su a TikTok, kuma ya iya tambaya: Baba, mu yaushe za a kai mu?

Tambayar ba laifi ba ce. Ba na cikin masu cewa fita da yara yawon buɗe ido almubazzaranci ne, don duk malamin da ya taɓa koyar da darasin dabbobi ga ɗaliban da ba su taɓa ganin zaki ba sai a littafi ya san amfanin gani da ido. Abin da nake ja da shi shi ne yadda masu tallan suke ɗaure haja biyu da igiya ɗaya: kuɗin shiga wurin wasa, da kuɗin kwana a otal ɗin da ke cikinsa. Na farkon, a ganina, sau da yawa ya ci kuɗinsa. Na biyun kuwa, ga iyali irin namu na Adar, bai ci ba.

Wannan dabara ba a nan aka ƙirƙiro ta ba. Kamfanin Disney ya buɗe filin wasansa na farko a Kalifoniya ta Amurka a 1955, sai otal-otal na wasu mutane suka kewaye wurin suna kwashe baƙin da shi ya jawo. Da ya tashi gina na Fulorida, wanda aka buɗe a 1971, sai ya sayi makeken fili ya gina masaukai nasa a ciki, yadda baƙo zai yi wasa a wurinsa, ya ci a wurinsa, ya kwana a wurinsa. Haka aka maimaita a kusa da Paris a 1992. Tun 2015 tikitin yini ɗaya na mutum ɗaya a babban filin Fulorida ya haura dala 100, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Wato sama da jika 50 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Ba a ma zo maganar ɗaki ba. Babu wanda zai tashi daga Madawa ya nufi can, na sani. Na kawo shi ne don wuraren da ke kusa da mu, a Yamai ko Kano ko Abuja, tsarin nan suke kwaikwaya gwargwadon ƙarfinsu: a jawo ka da lilo, a ci riba a kan gado da farantin shinkafa.

To me ake saya da kuɗin ɗakin? Kusanci ne kawai. Ka tashi da safe ka taka 'yan taku ka isa wurin wasa, ba ka neman abin hawa. Yaro kuwa ba ya tuna katifa. Ka tambayi duk yaron da aka taɓa kai wa irin wannan wuri, zai ba ka labarin jirgin da ya juya da shi har ya ji jiri, da birin da ya fizge masa gyaɗa, da alewar da ta narke masa a hannu. Awannin da aka fi biya wa kuɗi, barci yake yi a cikinsu.

Sannan kalmar iyali da suke rubutawa ba iyalinmu suke nufi ba. Ɗakin iyali a wurinsu na miji da mata da yara biyu ne. A ƙasar da mace takan haifi 'ya'ya shida zuwa bakwai, wannan ɗaki ba zai ɗauki ko rabin gida ba. Mu ɗauka, don misali kawai, ɗaki jika 30 ne a dare. Mai 'ya'ya shida da matarsa dole su kama ɗaki biyu, in ma an yarda su cunkusa. Kwana uku ya tashi jika 180, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a biya kuɗin mota ba, kuma daga Madawa zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 500 ce, kujera takwas zuwa da dawowa. Kowa ya sa farashin da ya gani a tallan da ya zo masa, ya ninka da yawan mutanen gidansa, sannan ya auna da buhun hatsi a kasuwar garinsu.

Da lissafin ya ƙi fita, abin da magidanta suke yi shi ne abin da ya fi damuna: sai a zaɓi waɗanda za su je. A ɗauki amarya da 'ya'yanta biyu a bar uwargida da nata. Ko a ɗauki manya a bar ƙanana, ko a bar ɗan riƙo yana tsaron gida. Mu malamai mu ne muke ganin sakamakon a aji bayan an dawo hutu. 'Yan uba biyu a benci ɗaya, ɗaya yana ba da labarin tafkin wanka, ɗayan ya sunkuyar da kai yana zane a kan allo. Tafiyar da aka yi don a faranta wa yara ta bar wa gida tabon da zai daɗe bai warke ba. Kuɗin da ya kai mutum huɗu otal na kwana uku zai iya kai gidan gaba ɗaya bakin ƙofar wurin wasa na yini guda, kowa ya hau lilo, a dawo ba wanda yake hararar wani.

Akwai kuma maganar lokaci. Masu irin waɗannan wurare sukan ɗaga farashi a lokacin hutun makaranta da bukukuwa, kuma malami da ɗalibi ba su da wani lokacin fita sai shi. A nan yankinmu babban hutu yakan faɗo tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ana neman kuɗin 'yan ƙwadago a gona. Yana ƙarewa sai ga komawa lakwal a watan Oktoba, da littattafan rubutu da takalma da ɗinki. Manomin albasa a fadamun Madawa da Galmi kuɗinsa a rani yake shigowa, kafin hutu ya zo an riga an san inda kowace jika za ta tafi. Na san wani abokin aiki, malamin kwantaragi, da ya kwashe adashinsa ya haɗa da rance ya kai iyalinsa irin wannan masauki. Hotunan sun yi kyau, gaskiya. Amma aka buɗe makaranta 'ya'yansa biyu ba su da littafin rubutu har sai da aka ga wata.

Ba mu kaɗai lissafin ya gagara ba. A zamanin Gwamna Audu Bako na Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, an gina gidan zu a cikin birni, an kuma gina otal-otal na shaƙatawa a bakin ruwan Bagauda da Tiga. Gidan zu har gobe cika yake maƙil ranar yawon Sallah, da 'ya'yan talakawa da na masu kuɗi, saboda kuɗin ƙofa ne kawai, da yamma kowa ya koma gida. Bagauda kuwa yau an fi saninta da makarantar horas da lauyoyi, otal ɗin Tiga kuma ya yi shekaru ba kowa a ciki. Kano ke nan, mai miliyoyin mutane da attajirai.

Kada in yi wa otal rashin adalci. Akwai abu biyu da yake sayarwa waɗanda na gaske ne. Na farko hutun uwa. Matar da take kan murhu shekara cur, kwana biyu da ba ta hura wuta ba ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, kuma in an sauka gidan dangi yawanci kafin ta ajiye mayafi ta tsinci kanta a madafa tana taya matar gida. Na biyu kunya. Rayuwar birni ta yi tsanani, ɗan'uwanka da ke hayar ɗaki biyu a Yamai ba zai ce maka kar ka zo ba, amma mutum takwas nauyi ne. Sai dai duka biyun suna da magani mai araha. In gidan dangi za a sauka, a tafi da tsaraba mai kauri, hatsi da albasa da tabarmar Madawa, a taƙaita kwana, a ware kuɗin sayen abinci a waje don mata su huta. In babu dangi, masauki mai tsabta a cikin gari da kuɗin tasi ya wadatar. Barcin ɗaya ne.

In kuma za a kashe kuɗin mota zuwa Yamai, ni gidan tarihi na Boubou Hama zan fara kai yara, wanda yake nan tun 1959. Wuri ɗaya za su ga zaki da dorina, da ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a hamadar Agadas, da ragowar itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973, da maƙera da dukawa suna aiki a gabansu. Kuɗin shigar gida guda bai kai na dare ɗaya a otal ba.

A nan gida ma muna zaune kan abin kallo ba mu kai yara. Aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da tallafin Italiya ya dasa miliyoyin itatuwa ya gina madatsun ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Ɗalibai nawa ne a Keita aka taɓa kai su su tsaya a kan ɗaya daga cikin madatsun nan a ce musu kakanninku mata ne suka yi wannan? Layukan dogon yaro na kwarin Majiya, da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, suna nan a ƙasar Buza. A kan duwatsun Adar yara makiyaya suna tsintar duwatsu masu siffar ƙwanson halittun ruwa, shaidar cewa teku ta taɓa rufe wurin. Ga tafkin Tabalak da masuntansa da tsuntsayensa. Ban ce waɗannan za su maye gurbin lilo ba. Yaro yana son lilo, kuma haƙƙinsa ne ya so shi. Wannan kuwa magana ce da ya kamata mu kai wa hukumomin garuruwanmu: fili mai inuwa, da lilo da sulu da maƙeran gari za su iya ƙerawa, da mai gadi, ba aikin miliyoyi masu yawa ba ne.

Kafin a samu wannan, kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye suna iya abin da uba ɗaya ba zai iya ba. A fara tara kuɗi kaɗan-kaɗan tun bayan girbi, a yi shatar mota ɗaya, uwaye biyu ko uku su raka malamai, a dafa abinci daga gida. A zaɓi wurin da za a je a dawo a yini ɗaya, saboda halin da hanyoyi suke ciki ba na tafiyar dare da yara ba ne. Sharaɗi ɗaya nake roƙon a rubuta tun zaman farko: ajin da za a kai, a kai shi duka, har da yaron da ubansa yake ci-rani bai aiko ba tukuna.