Wasiƙun Kakanninmu Ba Shara Ba Ne

Mai karatu, don Allah buɗe tsohuwar adakar gidanku ka duba. Wasiƙun da sojojinmu suka aiko daga Bama a 1944, da waɗanda fataken goro suka rubuto da ajami daga Kumasi, suna nan ko gara ta gama da su?

A 2009 aka cire darasin Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. To madalla, amma wane irin tarihi? Haddar sunayen sarakuna da haɗewar Kudu da Arewa a 1914, shi ke nan?

A gani na, malami ya sa kowane ɗalibi ya zo da wasiƙa ɗaya daga gida. A karanta, a yi tambaya: mai ita ne ya rubuta, ko malamin wasiƙa na bakin gidan waya? Me ya sa ake lissafi da fam da sule? Nan yaro zai gano canjin kuɗi na 1973 da kansa.

Wasu za su ce ai sirrin gida ne. Haba jama'a! A nemi izinin manya, a rufe sunaye mana. Barin takardar ta ruɓe shi ne rufin asiri?

Marubutanmu da 'yan fim su ma wannan sakaci na cin su. Shi ya sa za ka ga fim wai na zamanin da, amma jarumin na zuba Hausar Zoo Road. Da sun karanta wasiƙa goma, wallahi da sun ji yadda mutanen da ke gaisuwa.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.