Yarda ko Tilas: Tsokaci a kan Izinin da Kantunan Intanet ke Nema

Duk mutumin da ya taɓa buɗe shafin wani kanti a intanet da niyyar sayen takalmi, ko waya, ko turmin atamfa, ya san cewa tun kafin idonsa ya sauka a kan hajar da ta kawo shi sai wani ɗan akwatin rubutu ya taso ya tare masa hanya, yana sanar da shi cewa shafin yana aiki da kukis, yana kuma neman ya danna alamar amincewa. Galibin mutane kuwa, ko don gaggawa, ko don tsoron ƙarewar data, ko don rubutun na Turanci ne mai sarƙaƙiya irin na lauyoyi, sai su danna su wuce ba tare da sun san abin da suka sallama ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, neman izini a karan kansa alheri ne kuma wajibi ne, amma izinin da aka karɓa daga wanda bai fahimta ba, ko daga wanda aka toshe masa hanyar ƙi, bai cancanci a kira shi yarda ba, ko a mizanin shari'a, ko a na hankali, ko a na dokokin zamani.

Kafin a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Asalin tsarin intanet an gina shi ne ta yadda kwamfutar da ke riƙe da shafi ba ta tuna wanda ya ziyarce ta, har ma idan mutum ya buɗe shafi na biyu a kanti ɗaya sai ta karɓe shi tamkar baƙon da ba ta taɓa gani ba. Wannan mantuwa kuwa, ko da yake ba ta cutar da mai karatu, ta hana ciniki tsayuwa, domin ba yadda za a yi mai saye ya ajiye kaya a kwando ya je dubo wani, ya dawo ya tarar da na farko yana nan. A shekarar 1994 ne wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, wanda ke aiki a kamfanin Netscape a Amurka, ya samo mafita, wato shafin ya ajiye wani ɗan taƙaitaccen rubutu mai ɗauke da lamba a cikin na'urar baƙon, ta yadda duk lokacin da ya sake buɗe shafi a wannan kanti sai na'urar ta miƙa lambar, a gane shi ne. Wannan ɗan rubutu shi ne kuki. Da shi ne kwandon saye ke riƙe kaya, da shi ne kanti ke tuna cewa mutum ya riga ya shigar da sunansa da kalmar sirrinsa, da shi ne kuma ake tsare matakan biyan kuɗi daga ɓarayi. Irin waɗannan lalura ce ta kawo su, maslaharsu a bayyane take, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da su.

Matsalar ta faro ne tun lokacin da kamfanonin talla suka lura cewa abin da aka ƙirƙira don tuna kwando zai iya tuna mutum. Shafin kanti ba na mai kanti ne kaɗai ba, domin a cikinsa akwai gutsattsarin hotuna da umarnin kwamfuta da ke zuwa daga wasu kamfanoni dabam, kowanne kuwa yana iya dasa nasa kuki. Da yake kamfanin talla guda yana da irin wannan gurbi a dubban shafuka, na labarai da na wasanni da na magani da na neman aure, sai ya zama duk inda mutum ya leƙa lambarsa na biye da shi, ana rubuta abin da ya duba, da sa'ar da ya duba, da daɗewar da ya yi a kai, har a tara masa kundi wanda shi bai san da shi ba. Ɗan kasuwar Kurmi da ya tuna fuskar abokin cinikinsa, ya kuma tuna irin shaddar da yake so, yabo ya cancanta. Amma in ya sa yaronsa ya bi mutumin nan a ɓoye daga rumfa zuwa rumfa, har kemis, har ƙofar gida, yana rubuta duk inda ya tsaya don a sayar wa wasu 'yan kasuwa labarin, to, duk wanda ya ji zai ce an ci amana. Wanda ke son sanin darajar wannan kundi a wurin masu shi, ya isa ya tuna cewa kamfanin Google ya sayi DoubleClick, ɗaya daga cikin na farko a wannan sana'a, a kan dala biliyan 3.1, cinikin da aka kammala a 2008.

Tarayyar Turai ce ta fara ɗaura ɗamarar yi wa al'amarin linzami. Ta kafa doka kan sirrin sadarwa a 2002, ta gyara ta a 2009 inda ta shar'anta cewa ba a ajiye kome a na'urar mutum sai da izininsa, in ban da abin da hidimar da ya nema ba ta yiwuwa sai da shi. Daga nan ne akwatunan nan suka bazu a duniya. A ranar 25 ga Mayu, 2018, babbar dokarta ta kare bayanan mutane ta fara aiki, ta fayyace cewa yarda ba ta inganta sai ta kasance bisa zaɓi, da sani, a kan abu ayyananne, ta hanyar aikin da mutum ya yi da kansa, ta kuma tanadi tarar da ke iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya a shekara. Sa'an nan a watan Oktoba na 2019 babbar kotun Tarayyar, a shari'ar wani kamfanin Jamus mai suna Planet49, ta yanke cewa gurbin amincewa da aka riga aka cike wa mutum, aka bar shi ya goge in ya lura, ba izini ba ne.

Duk da haka manyan kamfanoni ba su miƙa wuya da sauƙi ba, kuma abin da hukumar kare bayanai ta Faransa, wato CNIL, ta bankaɗo ya isa darasi. A Disamba 2020 ta ci kantin Amazon tarar yuro miliyan 35, domin ta gano cewa da zarar baƙo ya buɗe shafin kantin na Faransa ake dasa masa kukis na talla tun bai ce uffan ba. A lokaci guda ta ci Google miliyan 100 bisa laifi makamancin wannan. A farkon 2022 ta sake bayyana tarar miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, wannan karon saboda amincewa dannawa ɗaya take buƙata, alhali ƙi sai an ratsa shafi bayan shafi. A Satumba 2025 kuma kantin tufafi na Shein ya sha tarar miliyan 150, cikin dalilan har da ci gaba da dasa kukis bayan baƙo ya danna cewa ya ƙi. Wanda ya dubi jerin nan da idon basira zai ga cewa ba kuskuren ma'aikaci ba ne, dabara ce da ake maimaitawa saboda ribarta: a yi maɓallin yarda babba mai launi mai jan ido, a mayar da na ƙi ɗan siririn rubutu a lungu, a jera sunayen ɗaruruwan kamfanoni a ƙarƙashin laƙabin abokan hulɗa, a gajiyar da mutum har ya sallama.

Mu da muka tashi a ƙasar da aka daɗe ana karanta babin ciniki a Risala da Muhtasar a zaurukan malamai, bai kamata wannan mas'ala ta zame mana baƙuwa ba. Alƙur'ani mai girma a Suratun Nisa'i ya rataya halaccin kasuwanci a kan yardar juna, a Suratul Hujurati kuma ya haramta bibiyar asirin mutane. Fuƙaha'u sun ɓata cinikin garari, wato wanda ɗayan ɓangarorin bai san haƙiƙanin abin da yake bayarwa ko karɓa ba, sun hana algus da ɓoye aibin haja, sun kuma kafa ƙa'idar cewa a asali ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana. To, mutumin da ya danna maɓalli alhali bai san cewa ya buɗe wa kamfanoni masu yawa ƙofar bin sawunsa na tsawon watanni ba, ina saninsa da abin da ya bayar? Wanda kuma aka ce masa ci gaba da duba shafin daidai yake da amincewa, ashe ba shirunsa aka mayar magana ba? Abin lura ne ƙwarai cewa alƙalan Turai, bayan doguwar muhawara, sun sauka a kan sharuɗɗan da ɗalibin fiƙihu zai gane su nan take: sani, da zaɓi, da furuci.

Akwai masu hujja ta daban, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa talla ce ke riƙe da shafuka da yawa har suka zama kyauta, cewa ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da hanyar isa ga masu saye da ta fi tallar da ta san bukatar mutum araha, cewa kuma akwatunan nan sun zama ƙarfen ƙafa da kowa ya gaji da su. Maganarsu ta farko da ta biyu suna da ƙamshin gaskiya, sai dai ba su kai ga inda ake so su kai ba, domin babu wanda ya ce a haramta talla. Abin da ake cewa shi ne a tambaya da gaskiya, wanda ya ga amfaninsa a cikin tallar da ta dace da shi ya yarda, wanda bai gani ba a ƙyale shi ya yi sayayyarsa. Amma batun gajiya, ai ba doka ce ta haife ta ba, domin kantin da ya taƙaita a kan kukis na lalura ba a wajabta masa neman izini ba sam; yawan tambaya alama ce ta yawan abin da ake son ɗauka. Masu cewa kuwa ba su da abin ɓoyewa, su tuna cewa a gidajenmu da yawa waya ɗaya ce ke yawo tsakanin maigida da uwargida da 'ya'ya, kuma matar da ta nemi maganin wata lalura da take jin nauyin faɗa, ko magidancin da ya duba hanyar samun bashi, na iya wayar gari tallar abin tana bayyana a gaban wanda ba su so ya sani ba. Sutura haƙƙi ce ta mai laifi da marar laifi baki ɗaya.

Ƙasashenmu ba su rasa doka ba. Gana ta kafa tata tun 2012, Jamhuriyar Nijar ta yi tata a 2017 tare da hukumar da ke kula da ita, Nijeriya kuma, bayan ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019, ta samu cikakkiyar dokar kare bayanai a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma bayyana ƙarara cewa shiru ko rashin motsi ba yarda ba ne, cewa ba a cike wa mutum gurbin amincewa, cewa janye izini ya zama da sauƙi kamar bayar da shi. Abin da ya rage shi ne aiki da ita, kuma a nan ne nake ganin muna da wani nauyi da Turawa ba su da irinsa, wato nauyin harshe. Bafaranshe yana karanta akwatin da Faransanci, Bajamushe da Jamusanci; amma Bahaushen da ke Funtuwa ko Damagaram, wanda kuɗinsa kantin ke nema, ana gabatar masa da sharuɗɗan da harshen da bai ƙware a kai ba, sa'an nan a rubuta cewa ya amince bisa sani. Kantin da ya iya yi wa mutum talla da Hausa a rediyo da Facebook ba shi da uzurin kasa gaya masa da Hausa abin da zai ɗauka daga wayarsa.

Saboda haka ina kira ga masu kantunan intanet, manya da ƙanana, da su riƙi abubuwa huɗu tamkar sharuɗɗan ingancin ciniki: kada a dasa kukin talla sai bayan an sami amsa, a ajiye maɓallin ƙi kusa da na yarda, girmansu ɗaya, dannawa ɗaya, a faɗi cikin jimloli kaɗan, da harshen masu saye, abin da za a tara da wanda za a ba da tsawon lokacin da za a riƙe, wanda ya ƙi kuma a girmama ƙinsa, kada a dawo masa da tambayar kullum har ya gaji. Hukumomi su ma kada su jira sai an kai ƙara, domin talaka ba ya kai ƙarar abin da bai san ana yi masa ba. Su riƙa buɗe shafukan da kansu suna gwadawa, su bayyana wa jama'a sakamakon. Mai saye kuwa ya sani cewa ƙin kukis na talla ba ya hana shi saye, cewa yana iya share waɗanda suka taru daga saitin manhajar da yake shiga intanet da ita, cewa kuma Firefox tun 2019 da Safari tun 2020 suna toshe masu bin sawu tun daga tushe, alhali Google ya janye a 2024 daga alkawarinsa na cire su daga Chrome.

Kasuwancin intanet a ƙasashenmu har yanzu yana fama da ƙarancin aminci, shi ya sa mutane da yawa ba sa sakin kuɗi sai kaya sun iso hannunsu, kuma ba a sayen aminci da talla komai yawanta. Ɗan kasuwar da ya fara hulɗarsa da mutum ta hanyar karɓe masa izini da wayo ya riga ya koya masa cewa sauran alkawuransa ma abin tuhuma ne. Wanda kuwa ya tambaya a fili, ya karɓi a'a kamar yadda yake karɓar i, zai yi hasarar 'yan bayanai kaɗan, amma zai sami abokin ciniki mai dawowa, ya kuma kuɓuta daga cin haƙƙin da za a tambaye shi a kansa gobe ƙiyama. Allah Ya sa mu riƙe amanar da aka damƙa mana, ta fili da ta ɓoye.