Kafin Dam Ɗin Ayuba Ya Bi Sawun Bagauda

Yau dai ku yi mani uzuri, ba labarin soyayya na zo da shi ba. Maganar dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure ce ta tsaya mani a rai, shi da sauran madatsun ruwan da jama'ar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ke cin moriyarsu wajen noman rani, su da shayar da dabbobi.

An gina shi a shekarun 1970, lokacin Kazaure tana cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a yanki Jigawa a 1991. Ka ga ke nan ya kai shekara hamsin ko ya doshi haka. To, dam ɗin ƙasa ba dutse ba ne, tsufa yake yi kamar mutum. Duk damina ruwa na kwaso yashi da laka ya zube a cikinsa, cikin ya cike, wurin ajiye ruwa ya ragu. Saiwar bishiya na huda bangon, gara da gafiya su yi gida. In ka ga ruwa mai launin ƙasa yana tsattsafowa ta bayan bango, wallahi jikin dam ɗin ne yake zaizayewa ta ciki. Shi ya sa nake jin tsoron inuwar nan mai daɗi da ake sha a kan bangon dam.

Wani zai ce na cika baƙin baki. A tambayi mutanen Kano yadda Bagauda ya ɓalle a watan Agusta na 1988, ko mutanen Maiduguri abin da Alau ya yi masu a Satumban 2024.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mun fi iya rabon shinkafa da tabarmi bayan ambaliya. Yashe dam ba ya jawo 'yan jarida, babu zaren da za a yanka.

Ni dai roƙona ga gwamnatin Jigawa: a turo injiniyoyi kowace shekara da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, su duba bango da mafitar ruwa, a bayyana wa jama'a abin da suka gani. Masu unguwanni kuma su hana ɗiban ƙasa da noma a gindin bango, a ba kowannensu lambar wayar da zai kira ranar da ya ga tsaga.